Wasiƙun Mai Gida a Hannun Ɗan Haya: Ya Buɗe Ko Ya Mayar?

A Ingila ma'aikacin gidan waya adireshi yake bi, sunan da ke jikin ambulan bai dame shi ba. Muddin lambar gida da sunan titi sun yi daidai, sai ya zura wasiƙa ta tsagin ƙofa ya yi gaba. Shi ya sa wanda ya kama hayar gida a Landan ko Birmingham ko Manchester yakan wayi gari da wasiƙun wani a bakin ƙofarsa, kuma sau da yawa wanin nan mai gidan ne da kansa. Ya taɓa zama a gidan, ya tashi zuwa wani gari ko wata ƙasa, ya ba da haya, amma bai sanar da banki da hukumar haraji da kamfanin inshora cewa ya tashi ba. Wasiƙu na ta zuwa. An buga masa waya bai ɗauka ba, an tura masa saƙo ya yi shiru. Wasu ambulan ɗin talla ce kawai, wasu kuwa da jan rubutu a jikinsu, ko tambarin ofishin lauyoyi, ko na kotu.

'Yan'uwanmu da karatu ko aikin asibiti ya kai can sukan sha mamakin wannan lamari, domin a Kano ko Zariya ko Maraɗi mai karɓar wasiƙa akwatinsa gare shi a gidan waya, ko kuma ta wurin aiki take iske shi. Ba kasafai takardar sirrin wani take faɗowa cikin ɗakin wani ba. A can kuwa kullum sai ta faru, kuma mutane sun rabu biyu a kanta. Wasu na ganin ɗan haya yana da haƙƙin ya buɗe wasiƙar da yake zaton ta shafi gidan da yake kwana a ciki. Wasu na ganin ko da wasa kada ya taɓa bakin ambulan, nasa kawai ya mayar wa gidan waya. Kowane ɓangare yana da hujja mai nauyi, kuma ya kamata a ji su duka kafin a yanke.

Abin da doka ta ce

Dokar ayyukan gidan waya ta Birtaniya ta 2000, a sashe na 84, ta kawo laifi iri biyu da suka shafi wannan magana. Na farko shi ne mutum ya jinkirta wasiƙa ko ya buɗe ta da gangan tana kan hanya, ba tare da uzuri karɓaɓɓe ba. Amma sashe na 125 na dokar ya nuna cewa da zarar an kai wasiƙa gidan da adireshinsa ke jikinta, to ta isa, tafiyarta ta ƙare. Na biyu shi ne mutum ya buɗe wasiƙar da ya sani, ko yake da dalilin zato, cewa kuskure aka yi aka kawo masa, da niyyar cutar da wani, kuma ba tare da uzuri karɓaɓɓe ba. Hukuncin yana iya kaiwa tara, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun.

A nan ne gardamar ta samo tushe, saboda dokar ba ta ce duk wanda ya yage ambulan ɗin wani ya yi laifi ba. A laifi na biyu, sai an haɗa abu biyu: mugun nufi da rashin uzuri. Sai dai ba wannan ce kaɗai dokar da ke gadin wasiƙa ba. Wasiƙa dukiya ce. Wanda ya riƙe ta da rashin gaskiya yana nufin raba ta da mai ita har abada, dokar sata ta 1968 na iya hawa kansa. Wanda ya yayyaga ta ko ya ƙone, akwai dokar ɓarnata dukiya ta 1971. Wanda kuma ya yi amfani da abin da ya gani a ciki ya ci wani amfani, dokar zamba ta 2006 ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara goma.

Hujjojin masu cewa ya buɗe

Babbar hujjarsu ita ce matsuguni. Gidaje da yawa a Ingila da bashin banki aka saye su, gidan kansa shi ne jingina. Bashin kuwa iri biyu ne: wanda ake ba mai niyyar zama a gidan, da wanda ake ba mai niyyar ba da haya, kuma na biyun ya fi tsada. Akwai masu gidajen da suka ci bashi iri na farko, sannan suka sa ɗan haya ba da sanin banki ba. Irin wannan mai gida da gangan yake barin wasiƙunsa suna zuwa tsohon adireshi, domin banki ya ci gaba da zaton yana nan. Idan ya daina biya, banki ya nemi kotu ta ba shi gidan, yarjejeniyar hayar ba ta ɗaure bankin ba, tunda bai san da ita ba. Mutumin da bai taɓa saɓa ranar biyan haya ba sai ya ga ana shirin fitar da shi da iyalinsa. Masu wannan ra'ayi suna tambaya: wane adalci ne a ce labarin abin da zai raba mutum da makwancinsa yana kwance a kan teburinsa wata da watanni, amma a hana shi karantawa?

Hujja ta biyu ita ce masu karɓar bashi. Idan kotu ta yanke wa mai gida hukuncin biyan kuɗi, ko ya ƙi biyan tarar ajiye mota, ma'aikatan da ke kama kaya adireshin da ke cikin takarda suke zuwa. Ƙofar ɗan haya za su ƙwanƙwasa, matarsa da 'ya'yansa za su tarar. Da ya buɗe takardar gargaɗin da ta riga su zuwa, da ya kira su tun da wuri ya shaida musu cewa wanda suke nema ba ya nan.

Ta uku, suna cewa ita kanta dokar ta bar ƙofa a buɗe. Majalisa ba ta sa sharaɗin mugun nufi da na rashin uzuri a banza ba. Ta san za a samu mutumin kirki da zai buɗe wasiƙa don ya gano wanda ya aiko ta, musamman idan babu adireshin mai aikowa a bayan ambulan. Wanda ya buɗe don ya kare kansa, ko don ya taimaki mai sunan, ba shi ne dokar take farauta ba.

Ta huɗu, buɗewar ma tana iya zama rahama ga mai gidan. A ƙa'idar kotunan farar hula na Ingila, ana iya aika takardar ƙara zuwa adireshin ƙarshe da aka san mutum da shi, kuma idan bai amsa ba cikin kwana 14 mai ƙara na iya neman a yanke hukunci a bayan idonsa. Irin wannan hukunci yana zama a rajista shekara shida, sai fa idan an biya kuɗin cikin wata guda, kuma yana ɓata wa mutum suna a wajen duk mai ba da bashi. Ɗan hayan da ya buɗe ya ga sammaci, ya yi ta neman mai gida har ya same shi, ya cece shi daga asara babba.

A ƙarshe suna cewa laifin na mai gida ne. Royal Mail, wato gidan wayar Birtaniya, tana da tsarin karkatar da wasiƙu zuwa sabon adireshi na wata uku, ko shida, ko sha biyu, har zuwa ƙasashen waje, da kuɗin da bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da hayar wata ɗaya. Wanda ya ƙi yin wannan, ya bar sirrinsa yana zuba cikin gidan da ya riga ya miƙa wa wani, bai kamata ya zo yana kukan an leƙa masa asiri ba.

Hujjojin masu cewa kada ya taɓa

Waɗannan sun fara ne da abin da ke cikin ambulan. Kafin a buɗe, ba wanda ya san ko takardar banki ce ko sakamakon gwajin asibiti, ko katin cirar kuɗi da lambar sirrinsa, ko maganar rabuwar aure, ko ta gado. Wanda ya buɗe yana neman labarin gida zai ci karo da labarin rayuwar mutum, kuma abin da ido ya gani ba ya goguwa. Sakacin mai gida bai halatta wa kowa sirrinsa ba. Wannan fahimta ba ta Turawa kaɗai ba ce: kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, a sashe na 37, ya sa sirrin wasiƙu cikin haƙƙoƙin ɗan ƙasa, kuma tarbiyyarmu tun kafin zuwan gidan waya ta ɗauki saƙon da aka ba mutum ya kai a matsayin amana.

Hujjarsu ta biyu ta fi tsoratarwa. Uzuri karɓaɓɓe ba ɗan haya ne zai yanke wa kansa shi ba, alƙali ne zai auna bayan aikin gama ya gama. Niyya kuwa ba a ganin ta, daga take-taken mutum ake karanto ta. A ce akwai saɓani tsakanin ɗan haya da mai gida a kan gyaran rufi ko kuɗin ajiya, sai ɗan haya ya buɗe wasiƙa ya gano mai gida ya yaudari banki, ya kuma ambata masa haka cikin fushi. Nan take buɗewar da aka yi don kare kai ta koma kama da neman makamin cutarwa. Ga baƙon da ke zaune da biza, ko ma'aikacin jinya da likita da dole su bayyana wa hukumar da ke ba su lasisi duk wani hukuncin laifi, ko da ƙarar ta ƙare ba a same shi da laifi ba, wahalar da zai sha kafin nan ta isa.

Ta uku ita ce zargi. Gidajen da aka fi yi wa zamba a Ingila sun haɗa da waɗanda ke hannun 'yan haya, da waɗanda masu su ke ƙasar waje, da waɗanda babu bashi a kansu. An samu 'yan damfara da suka kama haya da sunan ƙarya, suka yi shigar mai gida, suka sayar da gidan. Saboda haka ne Hukumar Rajistar Filaye ta buɗe tsarin faɗakarwa na kyauta, wanda ke aika wa mutum saƙo idan wani ya nemi taɓa rajistar gidansa. A irin wannan yanayi, duk ranar da katin banki ya ɓace ko aka ci bashi da sunan mai gida, idon kowa zai koma kan wanda aka san yana buɗe wasiƙunsa, ko da hannunsa a wanke yake.

Ta huɗu, suna cewa sanin da buɗewa ke kawowa ba ya tsinana komai. Ka karanta cewa mai gida ya yi wata huɗu bai biya banki ba, ka kira bankin, ba za su tattauna asusun wani da kai ba, domin dokar kare bayanan mutane ta hana su. Abin da kake da iko a kansa kuwa doka ta riga ta tanadar maka da hanyarsa. Ƙa'idojin kotu sun tilasta wa bankin da ke neman karɓe gida ya aika takarda zuwa gidan, an rubuta "ɗan haya ko mazaunin gida" a jikinta, cikin kwana biyar da samun ranar da za a saurari ƙara. Dokar 2010 ta kare 'yan haya a lokacin karɓe gidan jingina ta ba wanda banki bai san da shi ba damar roƙon kotu ta ɗaga fitar da shi har zuwa wata biyu. Wannan takarda tasa ce, buɗe ta haƙƙinsa ne.

Batun masu kama kaya ma suna da amsa a kai. Dokar 2007 da ta tsara aikinsu ta ce kayan wanda ake bi bashi kaɗai za su iya kamawa. Ɗan haya ya nuna takardar hayarsa da takardar harajin ƙaramar hukuma mai sunansa, magana ta ƙare. Kuma tarihin bashi a Birtaniya mutum yake bi, ba gida ba, don haka bashin mai gida ba ya shafa wa ɗan haya baƙin fenti don kawai adireshinsu ɗaya.

Inda kowane ɓangare ya yi rauni

Masu hana buɗewa sun dogara ƙwarai da cewa doka za ta sanar da ɗan haya, amma sanarwar a makare take zuwa. Lokacin da takardar mazaunin gida za ta iso, magana ta riga ta je kotu. Wata biyu ba wani lokaci ne mai yawa ba ga mai iyali da zai nemi sabon gida kusa da makarantar yara, ya haɗa kuɗin ajiya da hayar farko. Sannan mutane da yawa sun saba jefar da duk ambulan da ba sunansu a jiki, suna zaton talla ce, don haka takardar da aka yi domin ta cece su ita ce ta farkon shiga shara. Tsoron ɗan haya na gaske ne, kuma duk wanda ya raina shi bai taɓa zaman haya a ƙasar da ba tasa ba.

Masu goyon bayan buɗewa su ma suna da gurbi babba a hujjarsu. Sun ɗauka cewa ambulan ita ce kaɗai taga da ɗan haya zai leƙa ya san halin da yake ciki, alhali akwai wasu ƙofofi da doka ta buɗe masa. Dokar mai gida da ɗan haya ta 1985, sashe na 1, ta ce idan ya rubuta wa wanda ke karɓar haya ko wakilin mai gida yana neman suna da adireshin mai gidan, dole a ba shi a rubuce cikin kwana 21, kuma ƙin yin haka laifi ne da ake tara a kansa. Dokar mai gida da ɗan haya ta 1987, sashe na 48, ta wajabta wa mai gida ya ba ɗan haya adireshi a cikin Ingila ko Wales inda za a riƙa kai masa takardu. Idan bai bayar ba, a idon doka lokacin biyan haya bai yi ba tukuna, ko da yake ranar da ya bayar duk abin da ya taru zai zama wajibi a biya, don haka mai hankali ajiye kuɗin yake yi gefe, ba ya cinye su. Da fam bakwai kowa na iya sauke takardar rajistar gida daga Hukumar Rajistar Filaye, ya ga sunan mai shi da sunan bankin da ke riƙe da jingina idan akwai. Takardun kuɗin ajiya, wanda dole a sa shi cikin tsarin kariya cikin kwana 30, su ma suna ɗauke da bayanan mai gida. Ƙananan hukumomi kuma suna da rajistar gidajen hayar da ke buƙatar lasisi. Gaskiya ne wani lokaci adireshin da za a tarar a rajistar shi ne gidan hayar kansa, amma ko wannan ma labari ne mai amfani, kuma an same shi ba tare da an taɓa sirrin kowa ba.

Ajiyewa ko mayarwa

Ko a cikin waɗanda suka yarda kada a buɗe, akwai wata gardamar. Wasu na cewa a tara wasiƙun a kwali har mai gida ya zo, domin zaman lafiya da mai gida ya fi komai. Suna tuna cewa shekara da shekaru sashe na 21 na dokar gidaje ta 1988 ya ba mai gida ikon tayar da ɗan haya da notis na wata biyu ba tare da faɗin dalili ba, kuma ko da yake dokar haƙƙin 'yan haya da aka sa wa hannu a Oktoban 2025 ta tanadi soke wannan sashe, ɗan haya bai daina buƙatar mai gida ba wajen gyara da takardar shaidar kyakkyawan zama. Mayar da wasiƙa kuwa na iya sa banki ya rubuta cewa abokin cinikinsa ya ɓace, ya taƙaita masa asusu, mai gida ya ɗauki abin a matsayin cin fuska.

Wasu kuma na cewa tarawa alheri ce a baki, amma cuta ce a aikace. Duk wasiƙar da ba ta koma ba, mai aikowa yana ɗauka ta isa. Wa'adin kotu yana tafiya, ruwan tara yana hauhawa, mai gida bai sani ba, kwali kuma yana cika. Idan aka rubuta a jikin ambulan da Turanci cewa mai sunan ba ya zaune a wannan adireshi, a mayar wa wanda ya aiko, aka jefa cikin jan akwatin gidan waya, ba a buƙatar kan sarki, kuma mai aikowa zai fara neman mutumin ta wata hanya. Wadda babu adireshin mai aikowa a bayanta, Royal Mail tana da cibiya a Belfast inda ma'aikatan da aka ba izini suke buɗewa su nemo mai ita. Wato uzurin buɗewa don gano mai aikowa ma an riga an ɗauke wa ɗan haya shi. Bayan haka, wanda ya daɗe yana karɓa yana ajiyewa, ya san kuma mai gida ɓoye wa banki gaskiya yake yi, ya sa kansa cikin lamarin da ba nasa ba.

Abu biyu dai babu gardama a kansu. Ɗan haya ba shi da ikon cike takardar karkatar da wasiƙu da sunan mai gida, ko da niyyarsa taimako ce, domin wannan sai mai sunan ko wanda ya ba wakilci a hukumance. Ba shi kuma da ikon zubar da su. Haka nan babu dokar da ta ɗora masa aikin ɗan aike, sai idan ya sa hannu a kan haka a yarjejeniyar haya.

Akwai wani nauyi da ke faɗowa a kansa da gaske idan mai gida yana ƙasar waje, kuma mutane da yawa ba su san da shi ba. Idan mai gida ya fi wata shida yana zaune a wajen Birtaniya, babu wakili a tsakani, hayar kuma ta wuce fam 100 a mako, tsarin hukumar haraji ta HMRC ya ɗora wa ɗan haya cire haraji daga kuɗin hayar ya miƙa wa hukuma, sai idan hukumar ta rubuto cewa ta amince a biya mai gidan kuɗinsa cif. Wanda ya shagala da tunanin abin da ke cikin ambulan ɗin wani yana iya mantawa da wannan, alhali shi ne abin da za a tuhume shi a kai.

Mazauna Amurka kuma kada su ɗauki sassaucin dokar Ingila su yi aiki da shi. Dokar tarayya ta can, kundi na 18, sashe na 1702, ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara biyar ga wanda ya ɗauki wasiƙar wani kafin ta isa hannunsa da nufin tare ta ko leƙen sirrinsa, kuma kotunan ƙasar sun fassara cewa kariyar tana nan har sai wasiƙa ta shiga hannun mai ita. Ko a cikin Birtaniya, dokar gidan waya ɗaya ce, amma dokar haya a Scotland daban take.

Matsayata

Na fi karkata ga masu cewa kada a buɗe, amma ba don na raina tsoron ɗan haya ba. Dalilina shi ne buɗewa tana ɗora masa haɗari mai yawa, ta ba shi amfani kaɗan, alhali hanyoyin da doka ta ba shi suna kai shi ga abin da yake nema da hannunsa a tsarkake. Sai dai ban yarda da wanda zai ce ya mayar da komai ranar farko ya kaɗe hannu ba. Mutumin da ya ba ka makullin gidansa ya cancanci a sanar da shi tukuna, domin shirunsa na iya zama na rashin lafiya ko na tafiyar dole.

Abin da nake ganin ya dace shi ne ɗan haya ya rubuta wa mai gida da wakilinsa, ta imel ko ta wata hanyar da ke barin shaida, ya ce wasiƙu na zuwa, ga hoton bayan ambulan ɗin, ga waɗanda suke da alamar gaggawa. Ya ba shi wa'adi mai ma'ana, kamar mako biyu ko wata guda, ya zo ya karɓa, ko ya turo wanda zai karɓa, ko ya shirya karkatarwa. Ya faɗa masa a fili cewa bayan wa'adin zai riƙa mayarwa. A cikin takardar ya nemi adireshin da sashe na 48 ya wajabta. Wa'adi na cika, ya cika maganarsa, yana rubuta ranar da ya mayar da kowace. A lokaci guda ya duba rajistar gidan, ya buɗe duk takardar da aka rubuto wa mazaunin gida ya karanta da kyau, kuma da ya ga alamar banki ya nufi kotu ya garzaya wajen ƙungiyoyin ba da shawara irin su Shelter ko Citizens Advice ko sashen gidaje na ƙaramar hukuma, ya kuma halarci zaman kotun da takardar hayarsa da shaidar biyan kuɗi.

Idan mai gida ya ce a buɗe a karanta masa, to ya faɗi haka a rubuce, kuma ɗan haya yana da 'yancin ya ƙi. Idan an buɗe bisa kuskure, wanda yakan faru ga kowa, a liƙe a rubuta a jiki cewa kuskure ne, a sanar da mai ita, kada a ɓoye. Na yarda akwai yanayi ƙalilan da mutum ya bi duk waɗannan hanyoyi, mai gida ya ɓace sam, masu kama kaya sun fara zuwa, ya buɗe takarda ɗaya don ya san wanda zai kira. Ina ganin alƙali mai adalci zai ga uzurinsa, kuma shaidar ƙoƙarin da ya yi a baya ita za ta tsaya masa. Amma wannan mataki ne na ƙarshe, a kan takarda guda, bayan an nemi shawarar masana.

Nauyi mafi girma yana kan mai gida, kuma cikin masu gidaje a Ingila akwai 'yan ƙasarmu da ke zaune a Abuja ko Legas suna karɓar haya ta banki. Wanda ya ba da haya ya tafi, wajibinsa ne ya sauya adireshinsa a banki da hukumar haraji da rajistar filaye, ya naɗa wakilin da ake iya samu, ya kuma gaya wa bankinsa gaskiya game da wanda ke cikin gidan. Ɗan haya kuɗin zama ya biya. Haƙƙinsa ne ya san inda mai gidansa yake, kuma zalunci ne a bar shi yana zaɓa tsakanin tsare sirrin wani da tsare makwancin 'ya'yansa.